Ɗan Alhaji bai karanto sata ba

A Bawdeta, cikin gundumar Tasawa, wani dattijon ɗan kasuwa ya yi mako biyu bai zauna majalisa ba saboda kalma guda. Ɗansa ya komo daga jami'ar Abijan da takardar shaidar cewa shi "kiriminolog" ne. Wani mai rabin lakkwal ya ji, ya ɗauka "kiriminel" aka ce, wato mugun mai laifi, ya baza a gari. Kafin kasuwa ta sake ci, iyayen yarinyar da aka yi wa yaron baiko sun fara jan ƙafa.

Kalmomin biyu tushensu ɗaya ne, "kirimen" ta harshen Latin, wato laifi, amma tazarar da ke tsakaninsu ita ce ta likita da cuta. Raffaele Garofalo, wani alƙali ɗan Italiya, ya laƙaba wa littafinsa sunan wannan fanni a 1885. Kafin shi, a 1876, Cesare Lombroso ya yi da'awar ana gane ɓarawo daga ƙirar kansa da fuskarsa. Masana sun daɗe da watsar da wannan magana.

Jandarma yana tambaya: wa ya aikata? Alƙali yana duba hukuncin da doka ta tanada. Shi kuwa mai wannan ilimi tambayarsa: mi ya jawo? Mi ke sa rikicin manomi da makiyayi ke tashi da kaka, sa'ad da dabbobi ke gangarowa kudu ba a gama kwashe amfanin gona ba? Jahar Maraɗi ta san tsadar rashin amsa: a Toda, cikin 1991, an rasa rayuka fiye da 100, shekaru biyu kafin dokar karkara ta 1993.

Da Hausa, "masanin laifi" ba ya wadatarwa, domin a kunnen Bahaushe wanda ya san sata ɓarawo ne. "Mai nazarin musabbabin laifuka" ya fi tsawo, amma ba ya zubar da mutuncin kowa.

Haka yaron ya bayyana wa mahaifinsa, a durƙushe.

"Baba, ba kamawa nake ba, ba ɗaurewa nake ba. Dalili nake nema."

Washegari Alhaji ya koma majalisa. "In ɓera da sata, daddawa ma da wari," in ji shi. "Ɗana warin daddawar ya je karantowa." Bayan girbi aka raba goron ɗaurin aure.