Tanderun da Na Gina Sau Biyu

Ni mutumin Kano ne, tun ina yaro kuwa na san tanderu, watau babbar tukunyar nan ta yumɓu wadda mata ke gasa gurasa a cikinta. Uwargidana ta fi shekara 20 tana wannan sana'a. Da ita muka ciyar da 'ya'ya bakwai a duk lokacin da albashi ya ƙare wata bai ƙare ba. Amma wanda ya dubi hannunta na dama, tun daga yatsu har gwiwar hannu, zai ga tabon wuta birjik, gama kowace gurasa sai ta zura hannu cikin tanderu ta manna ta, sa'an nan ta sake zurawa ta ɓamɓaro.

Cikin shekarar 2019 na bar aikin gwamnati, aka ba ni ɗan kuɗin sallama. A shekarar nan ne kuma ɗan ƙanena ya komo daga ƙasar Italiya, inda ya daɗe yana aiki a wani gidan abinci na birnin Napoli. Ran nan muna zaune a tsakar gida ya ga hannun uwargida, sai ya ce, "Baffa, a can ba mai sa hannu cikin wuta. Tanderunsu na jan bulo ne, daɓensa a shimfiɗe, rufinsa kamar an kifa ƙwarya. A hura itace a gefe guda, a zura ƙullu da wani faifai mai doguwar ƙota."

Ya ce abin da su ke gasawa sunansa fiza. Ƙullun alkama ne a ke faɗaɗawa kamar gurasa, a shafa masa tumatir, a barbaɗa cuku. Zafin tanderun ya kan wuce digiri 400, har fiza ta nuna cikin minti ɗaya da rabi. Daga baya na karanta cewa irin wannan gini daɗaɗɗe ne ƙwarai. Akwai wani gari kusa da Napoli, sunansa Pompeii, wanda dutse mai aman wuta ya binne a shekara ta 79 ta Miladiyya. Da aka tone shi, sai aka tarar da tanderun masu burodi a tsaye, har da ƙonannen burodi. A shekarar 2017 kuma hukumar UNESCO ta sa sana'ar masu fiza na Napoli cikin al'adun duniya da ya kamata a kiyaye.

Na ce a raina, abin da ya gasa fiza ai ya gasa gurasa. Na yi wa uwargida alkawari za ta yi gurasar Babbar Salla ba tare da wuta ta lashe ta ba. Saura mako uku Salla ke nan, ga damina ta zauna. Ta ce, "Malam, a bari mana ruwa ya ɗauke." Ban saurare ta ba. Na sayi jan bulo da siminti, na kira yaran unguwa, muka yi gini a bayan ɗaki cikin kwana huɗu. Bayan kwana biyu na ɗura masa itace na cinna wuta, maƙwabta suka taru suna kallo.

Ba a jima ba sai muka ga tururi yana fita ta jikin ginin, sa'an nan muka ji ƙara kamar an taka busasshen kara. Rufin ya tsage tun daga tsakiya har bakin ƙofa, bulo biyu suka rufta cikin wuta. Jama'a suka watse ɗaya ɗaya, kowa na cewa Allah ya kiyaye gaba. Kuɗin da na narkar ya dame ni, amma abin da ya fi ci mini rai shi ne ran jajibere, da na ga uwargida ta durƙusa gaban tsohon tanderunta, ba ta kuwa ce mini kome ba.

Akwai wani tsohon magini a unguwarmu, irin waɗanda suka gaji ɗaurin guga da bakan gizo. Bai taɓa ganin Italiya ba, amma ya san ƙasa da wuta. Na je na gaishe shi, na ce, "Baba, zo ka duba mini ɓarnar da na yi." Ya zo ya ɓantari simintin, ya murza shi da yatsu, ya zama gari. Ya ce, "Ɗana, laifinka uku. Ka haɗa siminti da wuta, alhali ba su shiri. Ka ɗora daɓe a kan kankare, duk zafin ya tsere ƙasa. Na uku kuwa, wanda ya fi su, ka gasa gini yana ɗanye. Sauri ya haifi nawa."

Maganar tsohon nan gaskiya ce. Ruwa in ya tafasa ya zama tururi, mudu ɗaya ya kan nemi wurin mudu fiye da 1,600. To, in ruwan yana ɓoye cikin bango, tururin bai sami hanya ba, ai sai ya yi wa kansa hanya.

Muka dakata sai da hunturu ya shigo, iska ta bushe, sa'an nan muka sake ɗaura niyya. Ga yadda muka yi, ko wani zai amfana.

Da fari muka ta da dakali mai ƙwari, tsawonsa ya kai ƙugun mutum, don kada mai gashi ya riƙa sunkuyo. A bisansa muka jera kwalabe marasa kome a kwance, muka cike tsakaninsu da laka wadda aka kwaɓa da ƙaiƙayin shinkafa. Amfanin wannan shi ne iskar da ke cikin kwalabe da ƙaiƙayi ba ta barin zafi ya wuce. Sa'an nan muka baza yashi, muka shimfiɗa bulo a kansa, gefe na taɓa gefe, ba mu sa musu laka ba, domin in ɗaya ya fashe a cire shi a sa wani.

A kan wannan daɓe muka zana da'ira mai faɗin inci 40. Muka tara jiƙaƙƙen yashi a cikinta, muka mulmula shi kamar kifaffiyar ƙwarya mai tsawon inci 16, muka lulluɓe da jiƙaƙƙun takardu. A jikin tulin yashin nan muka jera rabi rabin bulo, zobe bisa zobe, kowane zobe yana ƙara karkata ciki, har muka toshe tsakiya da bulo guda wanda aka sassaƙa aka dunƙufa. Abin ɗaurin kuwa laka ce da yashi kawai.

Wurin ƙofa ne ɗan ƙanena ya tsaya kai da fata. Ya ce tsawonta ya zama inci 10, watau ya ɗan gaza kashi biyu cikin uku na tsawon rufin. In ta fi haka tsawo zafi ya gudu, in ta gaza wuta ta shaƙe. Da wannan awo iska mai sanyi ke shiga ta ƙasan ƙofa, harshen wuta ya lashi rufi ya kewayo, hayaƙi ya fita ta samanta. Saboda haka bututun hayaƙi a waje muka sa shi, daidai goshin ƙofa. Daga ƙarshe muka kwashe yashin ta ƙofar, muka yaɓe bayan rufin da lakar ƙaiƙayi mai kaurin inci 4, muka yi masa rumfar kwano saboda ruwan sama.

Saura aiki mai wuya, watau jira. Mako biyu ba mu kusance shi da wuta ba. Bayan haka muka shiga hura 'yar wuta ta kara da ƙirare, kullum a ƙara kaɗan, har kwana bakwai. Kowace safiya hannuna na ƙaiƙayin ƙara itace, sai in tuna da ƙarar nan.

Ran na takwas muka hura wuta sosai da busasshen itace. Da fari rufin ya yi baƙi ƙirin da hayaƙi. Bayan sa'a biyu baƙin ya ƙone, bulo ya fito fes, wannan kuwa ita ce alamar tanderu ya ƙoshi da zafi. Ɗan ƙanena ya ture garwashi gefe, ya zura fiza. Kafin in gama alwala ta fito tana tururi. Da zafin ya ɗan sauka uwargida ta karɓi faifan, ta jera gurasa shida a daɓe, ta fito da su tana tsaye nesa da wuta. Sai ta dube ni ta ce, "Malam, ashe dai za a yi."

Abin da na gane shi ne bulo ke shan zafin wuta ya ajiye, sa'an nan ya riƙa sakinsa sannu sannu. Don haka wuta ɗaya ke yi mana aiki uku: gurasa da hantsi, burodi bayan an kwashe garwashi an rufe ƙofa, da dare kuma a tura tukunyar wake ta kwana ciki, da safe a tarar ta nuna. A wannan zamani da itace ya yi tsada, daji kuma yana ƙarewa, wannan ba ƙaramar riba ba ce. Sai dai a kiyaye, kada a hura shi da roba ko katako mai fenti, gama dafinsu ya kan shiga abinci.

Ba zan ɓoye muku ba, akwai tsofaffin masu saye da suka ce gurasar tukunya ta fi ƙanshi, har yanzu kuwa tsohon tanderu na nan a kusurwa, 'yarmu ta kan hura shi dominsu wani lokaci. Amma tabon hannun uwargida bai ƙaru ba tun daga ran nan.

To, ɗan'uwa mai karatu, in ka yi niyyar wannan gini, ka fara shi da rani, ka tambayi magini, ka kuma saurari matarka. Ni na biya kuɗin tanderu biyu na sami ɗaya. Allah ya sa kai ka biya na ɗaya kaɗai.