Kunne biyu, hankali ɗaya

Ran nan jirgin sama ya ratsa bisa lakkol ɗinmu, yara duk suka ɗaga kai. Wani yaro, wanda kullum shi ke zuwa na ɗaya, ya ce: "Mushe, ni direban jirgi zan zama." Na ce masa madalla, amma karatu kaɗai ba ya isa.

Direban jirgi, idonsa na kan allurai masu nuna gudu da mai da nisansa da ƙasa. Hannunsa na tuƙi. Kunnensa na sauraren masu tsaron filin jirgi ta rediyo. Shi ya sa kafin a ɗauki mutum, sai an auna yadda yake raba hankalinsa.

A shekarar 1971, a ƙasar Isra'ila, wasu masana biyu, Gopher da Kahneman, sun gwada sojojin sama ta wata hanya. Kunnen dama na jin wasu kalmomi da lambobi, na hagu na jin wasu dabam. Wata ƙara ce ke nuna kunnen da za a bi, can sai ta sake. Wanda ya yi saurin juya hankalinsa ba kuskure, galibi shi ya fi iya jirgi.

Sai na ce bari mu gwada. Yaro ɗaya ya zauna tsakiya, biyu suna raɗa masa lambobi, kowa ta gefensa. In na tafa, ya sake kunne. Gwanin namu ya ruɗe tun tafi na biyu, har idonsa ya kawo ruwa. Wadda ta cinye kuwa wata yarinya ce ta bencin baya, wadda na daɗe ina ɗauka ba ta da ƙoƙari. Ashe a gida ita ke daka da goyo a baya, tana lura da tukunya, tana korar awaki.

Na ji kunya. Shekara guda tana gabana, da mudu ɗaya nake auna ta.

Yaron kuwa, na kira shi gefe na ce kada ya karaya. Su kansu direbobin jirgi ana koya musu abin da za su fara yi in abubuwa sun taru: su riƙe jirgi tukuna, sannan su duba hanya, sannan su yi magana.

Ku ma ku gwada wannan wasa a ajinku. Amma kada a yi wa kowa dariya.