Sai An Gwada Akan San Na Ƙwarai

Garin Mai'aduwa yana arewa da birnin Daura, a kan hanyar da ta bi ta Kwangwalam ta shiga ƙasar Nijar, ta nufi Matamai da Damagaram. Abin da aka fi sanin garin da shi ita ce kasuwarsa mai ci ranar Lahadi, musamman kararta, inda Fulani da fatake da mahauta daga ƙasashen biyu ke haɗuwa a kan shanu da raguna da raƙuma. A wannan kara ce wani dattijo ya yi shekaru yana dillanci, kuma ɗansa ne wannan labari ya shafa.

Shi wannan saurayi, da rana gyaran waya yake yi, da dare kuwa ɗan wasa ne. Wasan nasa ba ƙwallo ba ne, ba kuma dara ba, wasan yaƙi ne na cikin waya da ake kira PUBG Mobile, wanda ya fito a shekarar 2018. Akan yi shi ne ƙungiya-ƙungiya, mutum huɗu-huɗu, a watsa su cikin fili ɗaya, ƙungiyar da ta saura da rai ita ta ci. Abokan nasa uku, ɗaya a Daura yake, ɗaya a Kano, ɗaya kuma a Damagaram, ta intanet suke haɗuwa. Kada mai karatu ya ɗauka wannan shiririta ce zalla, domin irin waɗannan wasanni sun kai ga an ba da lambobin yabo a kansu a gasar wasannin nahiyar Asiya da aka yi a birnin Hangzhou na ƙasar Sin a shekarar 2023.

A irin wannan wasa kunne ya kusa fin ido amfani, domin sau da yawa maharbi yakan ji takun abokin gaba tun kafin ya gan shi. Allah ya halicci ɗan Adam da kunne biyu, kuma sauti yakan riga isa kunnen da ya fi kusa da shi, da tazarar da ba ta kai kashi ɗaya cikin dubu na sakan ba. Da wannan 'yar tazara, da kuma bambancin ƙarfin sautin, ƙwaƙwalwa ke gane inda abu yake. Aikin hedifon na ƙwarai shi ne ya kiyaye wannan bambanci, har mai wasa ya iya cewa, "Ga shi nan hagu, bayan gini."

Wata Lahadi sai kawun saurayin, wanda ke sarin kayan waya a kasuwar Farm Centre ta Kano, ya zo masa da wani hedifon maras igiya, na hannu, amma kamar sabo. Irin manyan nan ne da ake ƙerawa musamman domin 'yan gasa. Alal misali, ɗaya daga cikin fitattunsu, Arctis Nova Pro Wireless na kamfanin SteelSeries, da ya fito a 2022 kuɗinsa dala 350 ne. A lissafin 2024, sa'ad da dala ta haura Naira 1,500, wannan ya wuce Naira 500,000, watau fiye da albashin wata bakwai na ma'aikacin da ke karɓar mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000. Kawun ya yi rangwame ƙwarai, duk da haka kuɗin da ya yanka daidai suke da kuɗin ɗan maraƙin da saurayin ya turke a bayan gida tun kaka.

Da dare ya sami mahaifinsa a zaure, ya durƙusa ya ce, "Baba, ina so in sayar da maraƙina in sayi wannan abin." Dattijon ya juya hedifon ɗin a hannunsa, bai yi faɗa ba, sai ya ce, "Ni ban san wannan ba, amma na san sa. Mai sayen san huɗa ba ya duban tozo, kofato yake dubawa da haƙora, sa'an nan ya ce a kora shi ya ga tafiyarsa. Ka roƙi kawunka ya bar maka shi zuwa wata kasuwar. Ka kora shi ka ga tafiyarsa." Kawun ya yarda.

Gwaji na farko na sauti ne, kuma a nan abin ya ba shi mamaki. Takun da a da yake ji a dunƙule, yanzu ya rarrabe: wannan a kan katako ne, wancan a kan ciyawa, wani kuma a saman bene. Makirfonsa ma ya yi kyau, har na Damagaram ya tambaye shi ko ya bar shagon mai janareto ne, alhali kuwa yana ciki. Ban da wannan kuma, a jikin na'urar akwai 'yan ƙananan makirfo da ke ɗaukar ƙarar waje, su haifar da kishiyarta a kunnen wanda ya sa ta, ƙarar biyu su kashe juna. Wannan dabara ta fi tasiri a kan ƙara mai ɗorewa irin gurnanin injin, ba ta cika cin muryar mutum ba.

Gwaji na biyu na jinkiri ne, watau lokacin da sauti ke ɗauka tsakanin waya da kunne. Masana na auna shi da milisakan, kashi ɗaya cikin dubu na sakan. Idan aka haɗa hedifon ta Bluetooth, jinkirin yakan kai milisakan 100 zuwa 200 ko fiye, har mutum ya ga wutar bindiga kafin ya ji ƙararta. Saboda haka manyan hedifon na gasa sukan zo da wani ɗan abu mai kama da filashi, wanda ake soka wa na'ura, yana aika sauti ta zangon rediyo na 2.4 GHz, ya rage jinkirin zuwa 'yan gomiya kaɗan. Saurayin ya gwada hanyoyin biyu, ya tabbatar da bambancin da kunnensa. Sai dai a nan ne ya fara tunani, domin tsohon iyafis ɗinsa mai igiya ba shi da wannan jinkiri tun asali. Ashe wani kaso na kuɗin nan, ana biyansa ne domin a magance cutar da rashin igiyar ya haifar.

Gwaji na uku ba shi ya shirya shi ba. Ranar Asabar da dare, jajiberin kasuwa, baƙi sun cika gari, kowa da wayarsa a kan turken sadarwa ɗaya. 'Yar lambar da ke gefen allo, mai nuna tsawon lokacin da saƙo ke ɗauka ya je wurin uwar na'urar wasan ya dawo, sai ta yi ta hawa da sauka, har ta haura 200. Ya ji takun mutum a damansa tangaram, ya juya, ya harba, amma kafin harbinsa ya isa an riga an kayar da shi. Wannan jinkiri ba na kunne ba ne, na hanya ne. Haske a cikin wayar gilashi yana cin kamar kilomita 200 a kowane milisakan, kuma igiyar MainOne da aka shimfiɗa a ƙarƙashin teku a 2010, tsakanin Legas da Fotugal, tsawonta kilomita 7,000 ne. Don haka idan uwar na'urar tana Turai, zuwa da dawowa a teku kaɗai ya ci milisakan 70, ba a lissafa tafiyar Mai'aduwa zuwa Legas da cunkoson turke ba. Babu hedifon, komai tsadarsa, da zai taƙaita wannan tafiya.

Bayan waɗannan akwai wasu 'yan abubuwa da mazaunin ƙasar sanyi ba zai kula da su ba. Matashin kunnen na fatar roba ne, a zafin bazara kafin awa guda gumi ya jiƙe shi. Batirinsa yana daɗewa, amma ya zama baki na biyu da za a ciyar a wurin mai caji, kuma batiri ba ya shiri da zafi, ga shi in ya mutu ba a samun irinsa a kusa. Abin da ya fi damunsa kuwa shi ne, ranar Alhamis mahaifiyarsa ta kira shi sau uku bai ji ba, sai da ƙanwarsa ta taɓa kafaɗarsa, a lokacin har an idar da sallar isha'i. Abin da ke toshe gurnanin janareto, idan aka haɗa shi da ƙarar bindigogi, yana toshe kiran uwa da na ladani. Ga kuma lafiyar kunnen kansa, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade wa baligi ƙarar da ba ta wuce ma'aunin desibel 80 ba, na tsawon awa 40 a mako.

Da Lahadi ta kewayo, sai ya goge hedifon ɗin, ya mayar da shi kwalinsa, ya kai wa mai shi. Kawun ya ce, "Yaya, ɗana, aibi ka gani?" Ya ce, "Wallahi Kawu, ban taɓa jin irinsa ba. Albarka dai, ba na gonata ba ne." Maimakonsa ya zaɓi wani mai igiya, mai rufe kunne, wanda kuɗin gyaran waya na 'yan makonni suka isa su saya, ya kuma fara tara kuɗin ƙaramin faifan sola da na'urar kama intanet da za a ɗaga a saman rufi.

Ba a ce kayan tsada yaudara ba ne, domin araha ba ta ado, kuma ɗan gasar da ke zaune a zauren da aka ja wa intanet ta waya, mai sanyi da wuta, lalle zai ci moriyar kowane kwabo da ya biya. Abin lura shi ne, darajar kayan aiki ba a jikinsa kaɗai take ba, tana tsakaninsa da wurin da zai yi aikin. Da yamma dattijon ya dawo daga kara, ya ga maraƙin a turkensa yana tuƙa, sai ya tsaya ya shafa wuyansa, ya ce wa ɗan nasa ya ƙaro masa harawa.