Abin da ba ku gani ba a fim ɗin 'yan lise

Masu saurarenmu, kun yi ta tambaya kan fim ɗin barkwancin da 'yan lise suka yi nan Dogon Dutsi. To, da talho biyu aka ɗauke shi, cikin bakansi. Muryoyin kuwa a situdiyonmu muka sake su, don kukan jakai da kabu-kabu sun cinye na farko.

Wahalar gaske wajen 'yan mata take. Gidaje uku suka hana, sai da muka bi su ɗaya-ɗaya muna tuna musu Yazi Dogo ma mushen lakwal ne. Biyu suka yarda. Ta ukun, wadda ta fi kowa iya kwaikwayon tafiyar surbeyan, an sa ranar armenta kafin a koma lakwal.