Tada allurar da ta kwanta

Duk wanda ya saba shiga motocin haya tsakanin Maraɗi da Damagaram, ko tsakanin Ƙonni da Tawa, in ya dace da wurin zama kusa da direba, zai lura da abu guda: mota tana cin hanya, gawo da aduwa suna wucewa kamar ana fizge su, amma allurar da ke nuna gudu tana kwance a kan sifili, ko motsi ba ta yi. Abin ya zama jiki har ba mai tambaya. In wani fasinja ya yi ƙarfin hali ya tanka, amsar ba ta wuce karin maganar nan ba: ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima. Direba yana auna gudunsa da kukan inji, da rawar sitiyari, da iskar da ke bugun kunnensa. Ba za a raina wannan sani ba, don shekaru ne suka gina shi. Sai dai ido yana gajiya, kunne yana sabawa, kuma wanda ya yi awa uku a kan miƙaƙƙiyar kwalta yakan ji kilomita 110 kamar 80.

Ma'aunin gudu na tsofaffin motoci, wanda kanikawan ƙasar nan ke kira kontar, tsohuwar hikima ce. A shekarar 1902 wani Bajamushe mai suna Otto Schulze ya yi rajistar dabarar da aka ci gaba da aiki da ita kusan ƙarni guda. A ƙarshen akwatin giya, wato bwat, inda juyi ke fita zuwa tayoyi, akwai wani ɗan ƙaramin faifai mai haƙora. Shi ke murɗa wata igiyar ƙarfe da ke cikin kube, igiyar ta bi ta ƙarƙashin mota ta hau har bayan kontar, inda take juya wani maganaɗisu cikin ɗan kofin alminiyam. Maganaɗisun ba ya taɓa kofin, amma juyinsa yana jan sa, wani siririn ƙarfe mai naɗi irin na agogo kuma yana riƙe da shi. Inda ja da riƙo suka daidaita, nan allura ke tsayawa. Igiyar nan dai ita ke tura ƴan lambobin da ke ƙidaya kilomitocin da mota ta ci tun fitowarta.

Raunin wannan tsari yana ga igiyar. Ƙura takan shiga kube, giris ya bushe, igiya ta fara kamewa, allura ta dinga rawa kamar mai zazzaɓi, wata rana ta tsinke. Da can, canza ta aikin rabin awa ne. Amma motocin sun tsufa, kayansu sun yi wuya. Peugeot 504, wadda ta fito a Faransa a 1968, aka kuma ci gaba da haɗa ta a Kaduna har zuwa 2006, ta yi zamani mai tsawo a hanyoyin ƙasar Hausa, ita da yayarta 404 mai tampol. Yau mai irin wannan mota yakan zagaya kasuwar kayan gyara bai sami igiyar da ta dace ba, in ya samu kuma ta jabu ce, ba ta ganin damina biyu. A nan ne wasu kanikawa suka koma ga wata hanya: a bar bwat yadda take, a cire igiya, a ɗaura ɗan na'urar lantarki mai jin juyi, wadda suke kira kaftar, a haɗa ta da sabon kontar mai aiki da batir.

Ita ma wannan na'ura tushenta tsoho ne. A 1879, a birnin Baltimo na Amurka, wani ɗalibin kimiyya mai suna Edwin Hall ya gano cewa in lantarki yana bin siririn ƙarfe, aka kusanto masa da maganaɗisu, wani ɗan ƙarfin lantarki yakan bayyana a gefunansa. A kan wannan aka gina mafi yawan kaftar na yau. Cikinta akwai maganaɗisu mai juyawa, kuma duk lokacin da ya gifta gaban ɗan ƙwayar da ke sauraronsa, sai ta aika bugu guda ta waya. Kontar yana ƙidaya bugun, yana mai da shi gudu. Irin wannan tana da waya uku: ta wuta, ta mas wadda ake ɗaurewa a jikin ƙarfen mota, da ta saƙo. Akwai kuma mai waya biyu, wadda ke samar da lantarkinta da kanta, sai dai muryarta takan yi rauni in mota tana tafiyar hawainiya.

Bakanike mai hankali ba ya fara ɗaurawa sai ya duba ɗan faifan nan na cikin bwat. Sau da yawa na roba ne, kuma in haƙoransa sun cinye, ko an kawo kaftar ta zinari ba abin da za ta ji. Yana duba robar da ke tare mai, don kada man bwat ya bi ya cika na'urar. Yana gwada bakin kaftar da ramin da igiya ta bari, saboda zaren murɗi da ɗan ƙarfe mai kusurwa huɗu da ke shiga ciki ba ɗaya suke ba daga kamfani zuwa kamfani, wani lokaci sai maƙeri ya sassaƙa mahaɗi. In faifan ya mutu kuma babu madadinsa, akan manna ƙananan maganaɗisu a jikin doguwar sandar da ke kai juyi ga tayoyin baya, a kafa kaftar kusa da su, tazarar da ba ta wuce milimita kaɗan ba. Daga nan sai jan waya: nesa da bututun hayaƙi don kada ta narke, nesa da wayoyin buji don kada tartsatsinsu ya rikita ƙidaya, da fis a kan ta wuta.

Duk wannan aikin hannu ne, kuma yaron gareji mai lura yana iya koyonsa cikin mako guda. Inda ake gane gwani shi ne abin da ke biyo baya. Sabon kontar baƙo ne, bai san motar da aka sa shi ba. Bugu kawai yake ji, bai san bugu nawa ne kilomita ba sai an gaya masa. A tsofaffin motocin Japan, alal misali, ƙa'idar ita ce igiya ta juya sau 637 a kilomita guda, don haka kaftar mai bugu 4 a kowane juyi za ta ba da bugu 2548. Motar Faransa lissafinta daban. Wanda ya ɗaura na'ura, ya ga allura ta tashi, ya karɓi kuɗinsa ya sallami mai mota, rabin aiki ya yi, kuma rabin da ya bari shi ne mai haɗari. Allurar da ta kwanta ba ta yaudarar kowa, direba ya san ba shi da ma'auni. Wadda ke nuna 80 alhali mota tana 100 kuwa, tana ba shi kwanciyar hankalin da bai kamata ya samu ba.

Mutanen wannan ƙasa ba baƙin wannan magana ba ne. Kowace kasuwar hatsi ta san rigimar tiya: wadda aka bubbuge gindinta, da wadda ake saye da ita, da wadda ake sayarwa da ita. Alƙur'ani mai girma yana da sura sukutum, Muɗaffifina, da ta buɗe da gargaɗi ga masu tauye mudu. Kontar ma mudu ne, bambancinsa da tiya shi ne abin da ake aunawa da shi ya fi gero tsada.

Daidaita shi ba ya buƙatar na'ura mai tsada. Hanyar ƙasa mai lamba 1, wadda ta taso daga Yamai ta bi Doso, Dogon Dutsi, Ƙonni, Maraɗi, Tasawa har Damagaram da gaba, tana da duwatsun kilomita a inda ba a tumɓuke su ba. Akan tsaya a gindin ɗaya, a danna maɓallin koyarwa da yawancin sababbin kontar ke da shi, a tafi har wanda ke biye, a sake dannawa. Bayan haka a gwada da agogo: mai gudun 60 yana cin kilomita guda cikin daƙiƙa 60, mai 90 cikin 40, mai 100 cikin 36. Wayar salula mai jin tauraron ɗan'adam ma shaida ce ta biyu. Dokar da kamfanonin Turai ke bi ta yarda allura ta ɗan zarce gudun gaskiya, har kashi 10 cikin 100 da ƙarin kilomita 4, amma ba ta yarda ta nuna ƙasa da shi ba ko da ƙiris. In za a yi kuskure, a yi shi ta ɓangaren da ke sa mutum ya sassauta.

Kuma daidaitawar ba ta dindindin ba ce. Kaftar juyin bwat take ƙidayawa, ba ta ganin ƙasa. Taya mai lamba 175 R14 tana cin kusan mita 2 a juyi guda. In mai mota ya sa 195 R14 don ta fi ɗaukar kaya, kewayenta ya ƙaru da kusan kashi 5 cikin 100, allura za ta nuna 100 mota tana 105. Haka in aka ɗauko gadar baya ta wata mota aka sa, abin da ake yi kullum a gareji. Duk wanda ya canza ɗaya daga cikin waɗannan, sai ya koma gindin dutsen kilomita.

Mai karatu zai iya cewa kilomita 5 ko 20 ba abin tada jijiyar wuya ba ne. Lissafin da ake koya wa ƴan kwaleji yana cewa akasin haka. Motar da ke gudun 100 tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa, tun kafin ƙafar direba ta kai ga burki. Nisan da burki ke buƙata kuma ba ya ƙaruwa daidai da gudu, ninkuwa yake: daga 80 zuwa 100 yana ƙaruwa da fiye da rabi. A cikin wannan ƙarin ne amalanken shanu yake, ko yarinya mai tallar gyaɗa a mashigar gari ranar kasuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta, a rahotonta na 2023, cewa mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a kan hanya kowace shekara, kuma in aka kwatanta da yawan jama'a, Afirka ce ke kan gaba.

Akwai wata amana ta biyu da sabon kontar ke ɗorawa a wuyan bakanike da mai mota. Lambobin kilomitansa daga sifili suke farawa. Motar da ta zagaya ƙasar nan sau ba adadi sai ta wayi gari kamar amarya, kuma ranar sayarwa zuciya tana iya raya wa mutum ya yi shiru. Masu mutunci sukan rubuta tsohuwar lamba da ranar canji a takardun mota, don mai saye ya san abin da ya saya, don kuma a san lokacin juye baƙin mai.

Gaskiya ne allura ba ta taka burki. Direban da ke tseren komawa tasha don ya sami layi zai iya kallonta ya kau da kai. Amma akwai abin da take canzawa a cikin mota. Muddin tana kwance, tsohuwar da ta ce a rage gudu ra'ayinta ta faɗa, direba kuma ya faɗi nasa, kuma shi ke riƙe da sitiyari. In tana aiki, kuma an san gaskiya take faɗa, malamin makarantar da ke zaune a gaba yana iya nuna ta da yatsa, gardama ta ƙare. Ƙungiyoyin direbobi da ke tsara layi a tashoshi suna da ikon da za su ce motar da allurarta ta kwanta ba za ta ɗauki fasinja ba sai an tada ta, an kuma gwada ta tsakanin dutse da dutse. Kanikawan da za su yi aikin suna nan a Maraɗi, da Damagaram, da Tawa. Allah ya kai matafiya gida lafiya.