Gurbin Buhu Ɗaya, Yuro 1,900

Ranar da takardar farashin ta iso, sai da na cire tabarau na goge, na sake sawa. Yuro 1,900. Na ɗauka wani sifili ne ya maƙale inda ba wurinsa ba.

Abin da na roƙa bai taka kara ya karya ba. Kamfanin da nake wa aiki a Hamburg yana shigo da zoɓo da riɗi da busasshiyar citta, yawancinsu daga wajenmu, wasu ma daga Dawanau suka taso. Ana haɗa mana sabuwar manhajar sito, wadda za ta riƙa nuna abin da ya shigo da abin da ya fita da abin da ya rage, komai a kan kilo da tan. Ni da nake waya da dillalai kullum na san ba mai yi maka maganar kilo, buhu ake ƙirgawa. Sai na ce a ɗan ƙara mana gurbi ɗaya kusa da na nauyi, inda za a riƙa rubuta adadin buhuna. Gurbi ɗaya tak, bai kai tagar akurki ba.

Amsar da ta dawo shafi biyu ce: aikin kwana biyu, kowace rana yuro 950, kuma ranar miƙa aiki za ta matsa da mako guda. Na juya kuɗin zuwa naira a kaina, na ga miliyoyi, sai kewar gida ta taso mini. Na tuna yaron da ya haɗa wa Yayana manhajar shagonsa a Kantin Kwari. Da a can ne, saƙon murya ɗaya ne bayan isha'i: "Injiniya, don Allah a ɗan ƙara mana wajen buhu." Kafin asuba an gama. Ladansa kuɗin data da Allah Ya yi albarka.

Da zafina na nufi ofishin matar da ke jagorantar aikin. Ta saurare ni har na kai aya, sannan ta kira ni da sunan mahaifina, kamar yadda suke yi a wajen aiki, ta jawo wani kundi ta ajiye a gabana. "Nuna mini inda aka rubuta buhu," in ji ta. Na buɗa, na buɗa, babu. Abin takaicin, ga sa hannuna a shafin ƙarshe. Ina cikin taron da aka karanta kundin layi-layi, aka tambaya ko akwai mai ƙari, na yi shiru don a raina na bar wa gaba: idan an fara, ai sai a faɗa musu.

Wannan "sai a faɗa musu" shi ne babu a nan. Jamusawa suna da littattafai biyu da kamfanoni da yawa ba sa fara aikin manhaja sai da su. Na farko Lastenheft, mai kuɗi ne ke rubuta shi, ya zayyana abin da yake so. Na biyu Pflichtenheft, mai aiki ne ke rubutawa, ya faɗi yadda zai cika kowace buƙata. Idan ɓangarorin biyu suka sa hannu, duk abin da ke ciki ya zama bashi a wuyan ɗan kwangila, duk abin da ba ya ciki kuma sabon ciniki ne. Na yi haushi na kwana uku. A na huɗu na fara kishi.

Wanda zai ba da aikin manhaja, ko ta shago ce ko ta makaranta ko ta kantin magani, ba sai ya rubuta kundi irin nasu ba. Shafi uku sun isa, da Hausa ma. Amma kada ka rubuta "ina son manhajar kula da kaya," wannan buri ne kawai. Rubuta abin da ke faruwa a yini guda: mota ta iso, wa ke ƙirga kaya, a ina yake rubutawa, idan dila ɗaya ta zo a yage me ake yi, idan abokin ciniki ya karɓi kaya bashi wa ke da ikon amincewa. Ka zaunar da yaron sito da mai karɓar kuɗi, su ne suka san inda aikin ke cijewa, ba Alhaji ba. Sannan ka ware shafi guda na abin da ba ya cikin aikin. Wannan shafin ya fi sauran hana rigima. Ka kuma raba buƙatunka gida uku: wanda in babu shi ba za a buɗe shago ba, wanda yana da kyau a samu, da wanda zai iya jira sai baɗi. Gurbina na buhu, da na yi wa kaina adalci, a gida na biyu yake.

Da shugabar aikin ta ga na huce, sai ta ba ni labarin Lidl, wanda kusan duk mai wannan sana'a a Jamus ya haddace. Katafaren kamfanin kantunan nan ya fara sauya manhajar kula da kayansa zuwa ta kamfanin SAP a 2011. A 2018 ya watsar da aikin ya koma wa tsohuwar, bayan an ƙiyasta ya kashe kusan yuro miliyan 500. Babban abin da jaridu suka ruwaito ya jawo haka ƙarami ne a ido: Lidl ya saba ƙimanta kayansa da farashin da ya saye su, manhajar kuwa an gina ta a kan farashin sayarwa. Maimakon kamfanin ya sauya al'adarsa, sai aka shiga lanƙwasa manhajar, gyara yana haifar gyara, har kuɗi da shekaru suka tafi. Ɗan hakin da ka raina ke nan. Ta ce gurbina ba gurbi ba ne kawai: zai shiga rahoton wata, zai shiga takardar da ake tura wa akanta, sai an yanke hukunci idan buhu da kilo suka saɓa wanne ne gaskiya, sai an gwada duka, kuma duk lokacin da aka sabunta manhajar sai an sake duba shi. Rubuta gurbin awa biyu ne. Sauran kuɗin na abin da zai taɓa ne.

Na yarda da ita, amma ban yarda duka ba. Ƙasar da ke karanta mini wannan darasi ita ce ta shirya buɗe sabon filin jirgin saman Berlin a 2011, ba a buɗe ba sai ƙarshen Oktoban 2020, kuma tsarin kashe gobara na kan gaba a abin da ya riƙe shi. Kundi bai hana ba. A nan ne kuma har gobe za ka tarar da ofisoshi suna aika takarda ta fakis. Mu ma aikinmu sai da ya tsaya makonni saboda majalisar ma'aikata, wadda suke kira Betriebsrat: doka ta ba ta ta-cewa a kan duk na'urar da za a iya sa wa ma'aikaci ido da ita, manhajar kuwa tana nuna wanda ya shigar da kowane kaya da ƙarfe nawa. Na zauna ina lissafin shaguna nawa yaran kasuwar Farm Centre za su gama wa aiki a waɗannan makonni, da wutar da ba ta tsayawa da intanet mai yankewa, sai na ji wani alfahari ya cika ni. Mutanenmu sun iya aiki da abin da ke hannu. Wanda ya taɓa ganin yadda POS ya mamaye kowane lungu cikin 'yan shekaru ba zai ce ba mu da sauri ba.

Abin da na fi amfana da shi a nan ba shi da tsada ko kaɗan. Allo ne a bango mai layi uku: abin da za a yi, abin da ake yi, abin da aka gama. Kowane aiki a 'yar takarda guda, da sunan mutum ɗaya a kai, ba biyu ba, don aikin mutum biyu ba shi da mai shi. Kanban ake kiransa, daga masana'antar Toyota ta Japan ya samo asali. Sirrinsa a layin tsakiya yake: ba a barin takardu su taru a can. Mu ba ma wuce biyu ga kowane mutum. Sai ka gama ɗaya ka ɗauki wata. Kowace safiya a tsaya a gaban allon minti 15, a tsaye, kowa ya faɗi abin da ya yi jiya, abin da zai yi yau, da abin da ya tare masa hanya. Duk mako biyu kuma masu haɗa manhajar su nuna abin da ke aiki a zahiri, mu danna da hannunmu. Ba a karɓar "an kusa gamawa." Gani ya kori ji.

Idan mutanenka ba a wuri ɗaya suke ba, Trello yana yin aikin allon nan a waya, kuma kyauta ne ga ƙaramar tawaga. Jira, wanda muke amfani da shi, na kamfani ɗaya ne da Trello, wato Atlassian na Ostareliya, kyauta har mutum goma, amma ya yi wa ƙaramin aiki nauyi. Kamar ɗauko tirela ne don kai buhu biyu. Akwai OpenProject na wani kamfani a Berlin, ga wanda ke son bayanansa su zauna a kwamfutarsa. Gaskiya ma Google Sheets mai layi biyar, aiki da mai shi da ranar gamawa da halin da ake ciki da abin da ake jira, ya ishi yawancin ayyukan da na sani a gida. Abin da ban ba da shawara ba shi ne a mayar da zauren WhatsApp ofishi. A yi hira a can, amma duk abin da aka yanke a kwafe shi a wuri guda mai kwanan wata, in ba haka ba wata uku nan gaba kana neman saƙon murya a tsakanin gaisuwar Juma'a da hotunan biki. A nan wasu kamfanoni ma haramta shi suka yi a wayar aiki. Continental ya yi haka a 2018, shekarar da dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai ta fara aiki.

Wani abu guda da ya saɓa wa tarbiyyata: mu mun ce hannu da yawa maganin ƙazamar miya. Fred Brooks, wanda ya jagoranci wani babban aikin manhaja a IBM, ya nuna a littafinsa na 1975 cewa ƙara mutane a aikin manhajar da ya makara ƙara masa latti yake yi, domin tsofaffin hannu sai sun bar aiki sun koyar da sababbi. Idan aiki ya makara, rage abin da ka nema, kada ka ƙara ma'aikata.

Shi kuwa yaron da ya haɗa wa Yayana manhaja, ban gama ba ku labarinsa ba. Ya ƙara wajen buhu, ya ƙara wajen bashi, ya ƙara tura saƙo ga masu bashi, duk kyauta, har shekara ta zagayo aikin bai taɓa ƙarewa ba balle a biya shi cikon kuɗinsa. Ran nan ya samu aiki a Abuja, lambarsa ta daina shiga. Kalmar sirri tana wajensa, asalin rubutun manhajar yana kwamfutarsa, adireshin shafin ma da sunansa aka yi rajista. Ban ga laifinsa sosai ba. An ce kowa ya ci ladan kuturu ya yi masa aski, amma ba a ce ya yi ta aski har abada a kan lada ɗaya ba.

Jamusawa suna da rana guda da ke raba wannan gardama, Abnahme, ranar karɓar aiki. A zauna da kundin, a gwada buƙatu ɗaya bayan ɗaya, a rubuta abin da bai yi ba, a sa hannu. A dokarsu daga ranar ne biyan kuɗi ke wajaba, daga ranar ne kuma wa'adin gyaran aibu ke fara ƙirguwa. Wannan kam a ɗauka. A raba kuɗi kashi-kashi: kafin alƙalami kaɗan, wani kaso idan an nuna abin da ke aiki, wani ranar karɓa, a riƙe ɗan saura sai an yi wata guda ana amfani da ita. Kafin a biya kason ƙarshe, duk kalmomin sirri su dawo hannun mai kuɗi, da imel ɗin kamfani aka buɗe komai ba na injiniya ba, a karɓi kwafin rubutun manhajar. Bayanai kuma a ajiye su wuri uku, ɗaya a wajen shago, saboda gobarar kasuwa ba baƙuwarmu ba ce. A gwada dawo da su sau ɗaya a gani, don ajiyar da ba a taɓa buɗewa ba ba a san abin da ke cikinta ba. Kada kuma a jefar da littafin lissafi ranar farko. A tafi da shi da manhajar tare na wata guda, kuma kada a sauya ana tsakiyar cinikin sallah. Bayan karɓa, a yanka wa yaron kuɗin kulawa na wata-wata, kowane "ɗan ƙara mana" kuma a yi masa farashi, ko na naira dubu biyar ne.

Gurbin buhu dai ba a saya ba. Shugaban kamfani ya duba yuro 1,900, ya dube ni, ya ce a'a. Sai na lura akwai wani fili a ƙasan shafin da aka tanada don ƙarin bayani, wanda ba mai taɓa shi. Tun daga ranar nake rubuta adadin buhuna a can, yaran sito ma suka ɗauka. Da shugabar aikin ta gano, ta daɗe tana kallon allon kwamfutar, ta ce wannan ba tsari ba ne, ba zai fito a rahoto ba, kuma ranar da na bar aiki ba wanda zai san ma'anar lambar. Duk gaskiya ta faɗa. Sannan ta ciro 'yar takarda ta rubuta "gurbin buhu," ta manna a can ƙasan layin abin da za a yi. Wata bakwai ke nan tana nan, gefenta har ya fara naɗewa.

Daren jiya Yaya ya turo saƙon murya. An samu yaron, ya zo ganin gida, ya buɗe musu komai, har ya ƙara musu wajen yadi da na launi bai karɓi ko sisi ba. Na ce, "Yaya, kalmar sirrin fa, ya ba ka?" Ya ce ai yaron kirki ne, yana nan har jibi.