Wa zai gyara manhajar idan yaron ya tafi?

A ƙarshen 2018 kamfanin Google ya fitar da Flutter, kayan aikin da ke bai wa mai haɗa manhaja damar yin rubutu sau ɗaya, abin ya yi aiki a wayar Android da iPhone, daga baya har da kwamfuta. Kyauta ne, kuma rubutun da aka gina shi da shi a buɗe yake ga kowa. Matasan da ke tallata shi a tarukan Kano sa-kai suke yi.

Sai dai hujjar da ke burge zauren taro a birni ba ta cika gamsar da mai shagon taki a Gwarzo ba. Shi littafin bashinsa ne dukiyarsa: wane ya ɗauki buhu da damina, zai biya da kaka. Idan aka ce a mayar da littafin cikin waya, abu biyu Alhaji zai tambaya: ko tana aiki ranar da babu sabis, kuma wa zai gyara ta idan yaron ya tafi bautar ƙasa.

Ta farkon mai sauƙi ce, domin ana iya adana bayanan a cikin wayar kanta. Ta biyun ce mai nauyi. Buɗaɗɗen rubutu yana ba wani damar ɗorawa daga inda aka tsaya, amma fa sai in akwai wanin. Don haka rabin aikin ɗan sa-kai a nan koyarwa ne: ya zauna duk Asabar da ɗalibai biyu ko uku, a Gwarzo ko a Kabo, da kuɗin datarsa, yana koya musu Dart, harshen da ake rubuta manhajojin Flutter da shi, har ɗayansu ya iya buɗe manhajar Alhaji ya gano inda lissafi ya karkace.